Gonar Zali Tana Cikin Disket

Ɗakin da na ƙarar da ƙuruciyata a cikinsa yanzu albasa ake ajiyewa. Na bi ta wurin kwanakin baya, na leƙa ta taga, sai ga buhuna jere har kusa da rufi, warinsu ya bugo ni. Ramin da aka huda a bango don waya ta wuce yana nan, an toshe shi da tsumma. Ni ba mai saurin hawaye ba ce, amma na daɗe a tsaye, har mai gadin ya taso ya tambaye ni ko saye zan yi. Na ce masa a'a, kallo kawai nake yi.

A zamaninmu wannan ɗaki biro ne, wato ofis, na wani aikin farfaɗo da ƙasa, irin waɗanda suka shigo yankinmu bayan shekarun fari. Ni ce mai buga takardu. Daga wani ƙauye na fito ta wajen Allakaye, na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, aka tura ni garin Tawa na koyi mashin ɗin buga takardu, na dawo ina taƙama da yatsuna goma kamar ba wanda Allah ya ba irinsu. Mashin ɗin ƙarfe ne mai nauyi, yana da ƙararrawa da ke bugawa a ƙarshen kowane layi, kuma daga bakin ƙofar gidan ana jin ko ina aiki ko ina hira. In na yi kuskure ɗaya a takarda mai muhimmanci, sai in zare ta in sake daga farko, ina zagin kaina a zuci. Yatsuna kullum baƙi ƙirin da takardar kwafi. Duk da haka ina son aikin, don abin da na buga ina iya ɗaga shi in duba da idona, in ninke shi, in ba mutum ya sa a aljihu. A lokacin ban san wannan wani abin daraja ba ne.

Sai wata rana mota ta zo daga Yamai da kwalaye uku. Abin da gidajen rediyo ke kira kwamfuta ne, mu kuwa ordinatar muka san ta. Akwati fari mai nauyi, da gilashi mai ƙaton ƙeya da ake ɗorawa a kansa, da allon haruffa mai laushi har na ji kunya a madadinsa. Mutumin da ya kawo ta, wani dogo mai shan shayi ba sukari, ya kwana uku yana koya mini. Ya kwance murfin ya nuna mini cikinta, ni kuwa na yi tsammanin zan ga wani abin mamaki, sai na ga faranti kore da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe da fanka. Ya ce wannan ƙaramar ita ke yin lissafi, ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. Waɗannan na kusa da ita kamar faifai ne da mace ke tsince hatsi a kai, abin da kike aiki da shi yana bisa, amma da wuta ta ɗauke an zubar. Wannan mai nauyin kuma shi ne rumbu, abin da kika kai can yana nan ko an kashe ta. Sa'an nan ya ɗauko wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, baƙi, wanda bai kai tafin hannuna ba, ya ce sunansa disket, da shi ake ɗiban abu daga wannan rumbu a kai wancan. Ya ja ɗan ƙarfen bakinsa gefe, na ga wani siririn faranti mai sheƙi a ciki. Ya ce kada in taɓa, kada rana ta taɓa, kada maganaɗisu ya kusance shi. Na riƙe wannan gargaɗi fiye da yadda na riƙe wasu na mahaifiyata.

Hidimarta ta fi ta jariri. Da safe in share ɗakin da tsumma mai laima, in yaye zanen da na lulluɓe ta da shi, nawa ne kuma na kaina, sabo, wanda ban taɓa ɗaurawa ba. Sai in jira a tada injin wuta a bayan gida, ya yi tari sau biyu ya kama. In danna ta, ta yi ƙara ɗaya siririya, fanka ta tashi, haruffa kore su fara fitowa a kan baƙin gilashi. In na tura disket sai ta yi gurnani kamar tana tauna shi. Na'urar fitar da takarda kuwa ihu take yi, layi bayan layi, har awakin maƙwabta suka saba da ita. Na koyi sauraron muryar injin wuta da rabin kunnena, da na ji ta sauya sai yatsuna su ruga su kai aiki rumbu kafin duhu ya zo kan gilashin. Daga baya aka ƙaro ordinatar biyu, aka huda bango, aka ja waya tsakaninsu, sai ga abin da na buga a ɗakina yana fitowa a ɗakin shugaban biro ba tare da na tashi ba. Can kuma aka haɗa ɗaya da layin tarho, tana kuka tana shaƙewa kafin ta kama wata 'yar'uwarta a Yamai, rahoton da direba ke kwana a hanya da shi ya isa kafin shayi ya tafasa. Yaran yanzu suna riƙe da abin da ya fi waɗannan uku a tafin hannu, suna shafa shi da yatsa mai maiƙo, ba su san yana da ciki ba. Mu kuwa takalmi muke cirewa kafin mu shiga ɗakinta, kuma ba wanda ya umarce mu.

Kaina ya kumbura, gaskiya ke nan. In na je ƙauye sai in riƙa jefa sunanta cikin kowace hira, ko ana zancen kuka da daddawa.

A ƙauyenmu akwai wani fako a bisa tudu, ƙasa mai tauri wadda ko ciyawa ta yi fushi da ita. Biron namu ya ce za a raya shi. Maza sun tafi cin rani, saboda haka mata ne suka yi aikin, suna ɗauko duwatsu a ka daga gindin tudu, suna jera su layi-layi don su tare ruwa, suna haƙa ƙananan ramuka suna zuba taki. Cikinsu akwai Zali, ƙawata tun muna tallar gyaɗa. Mijinta ya mutu da wuri ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ba gona, sai aro. Shekara uku tana ɗaukar dutse har gashin tsakar kanta ya tafi bai dawo ba. Da ƙasar ta fara amsawa, sai aka tara gari. Tsohon da kakanninsa suka taɓa noman wurin kafin ƙasar ta mutu ya tashi gaban jama'a ya ce ya yafe, duk macen da ta raya yanki nata ne da 'ya'yanta. Aka raba, Zali ta sami nata. Ni ban halarci taron ba, ina biro ina hidimar na'ura. Wani ma'aikacinmu ne ya rubuta komai a littafi, wa ya yafe, su wa suka shaida, wa ta sami ina, ya kawo mini na buga. Da na gama, littafin ya zama kayan banza a idonmu, ban ma san inda ya ƙare ba.

To, garinmu yana da wata al'ada. Kowace shekara kafin ruwan fari, dattijon da ke riƙe da sanin iyakoki zai fita da sassafe, samari da magidanta da duk macen da ke da gona su bi shi. A kowace iyaka zai tsaya ya buga sanda, ya ce daga wannan gamba zuwa waccan aduwa na wane ne, ya gada daga wane, ko an ba shi ranar kaza gaban su wane. Sai ya juya ya zaɓi wani cikin matasa ya ce maimaita. In ka yi kuskure a yi maka dariya har shekara ta zagayo, saboda haka ba mai yi sau biyu. A zamanina Baba Illa ne mai wannan aiki, ɗan tsoho mai ƙaramar murya, wanda bai san harafi ko ɗaya na boko ba. Muna yara mukan bi su don a ƙarshe ana raba fura. A haka maganar gonaki take shiga kawunan mutane da yawa, ta yadda in ɗaya ya mutu ba a rasa komai ba.

Shekarar da aka raba fakon, na zo gida da takardu da na fitar, da disket guda da na kwafe komai a ciki. Na tarar da Baba Illa zaune a ƙofar gidansa yana shafa wa gwiwoyinsa man shanu, yana shirin hawan tudu don ya shigar da sababbin gonakin cikin zagayen. Tudun yana da nisa, hawansa kuma ba na tsoho ba ne. Na durƙusa na gaishe shi, na fito da disket ina juya shi a rana don ya yi ƙyalli.

Na ce, "Baba, ka huta da hawan tudun ga. Dut gonakin hwako suna cikin abin ga, da sunan kowa da iyaka tai."

Ya karɓa da yatsu biyu, ya duba gaba ya duba baya. Ya ce, "Ɗiyata, in anka kai shi gaban mutane, shina rantsuwa?"

Na yi dariya. Na ce, "Ba shi buƙata, Baba. Ba shi ƙarya, ba shi mantuwa, ba shi tsuhwa."

Maganar ƙarshen nan ta taɓa shi, na gani a fuskarsa, kuma a lokacin daɗi na ji. Ya miƙo mini abina ya ce, "To. Ku kunka yi karatu. Ni dama ƙahwahuna sun gaji."

Bai hau tudu ba a wannan shekara, bai hau ba a ta gaba. Zagayen ya tsaya a tsofaffin gonakin fadama. Matasa kuma suka fara cewa in na fako suna cikin na'ura, su ma na fadama a sa su mana, me ya kai mutum yawo cikin rana. Masu binsa suka ragu, suka ragu, har wata shekara ya fita shi da mutum uku. Da ya rasu ba wanda ya ɗauki sandar. Na je gaisuwa da sabon mayafi, na zauna cikin mata, ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa ina da hannu a wani abu.

Sauran abin ya tafi yadda irin waɗannan abubuwa ke tafiya. Aikin ya ƙare, aka rufe biro, na'urorin aka kwashe, ban san wa ya gaje su ba. Takardun da na ba mai gari na lokacin gara ta cinye su tare da akwatin. Disket ɗin dai yana hannuna. Na naɗe shi a farin ƙyalle, na sa cikin ƙaramar kwalla mai murfi, na tura ƙarƙashin gado inda rana ba ta kaiwa. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na aurar da su, na tashi gida sau uku, kwallar tana biye da ni. Ban taɓa barin ko almakashi ya kwana kusa da ita ba. In da kula kaɗai ke tsare abu, da ya tsaru.

Zali kuwa ta noma gonarta duk waɗannan shekaru. Gero, dawa a gefen da ruwa ke kwanciya, wake a tsakani. Da ita ta ciyar da 'ya'yanta ta aurar da su, da ita take riƙe da jikoki uku da babbar ta mutu ta bari. Ƙasar da ta taɓa zama kamar daɓe ta yi baƙi ta yi laushi, har itatuwa sun fito.

Bara jikokin tsohon da ya yafe fakon suka dawo daga ƙasashen da suke nema, hannu ba komai, da mata da yara. Ba zan kira su mugaye ba. Gari ya cika, gonakin gado an yanka su har ba su ciyar da gida, su kuma sun ji cewa kakanninsu sun taɓa noman tudun, wanda gaskiya ne. Suka ce aro aka ba matan, yanzu suna son abinsu, suka fara da yankin Zali don ya fi kyau kuma ba ta da ɗa namiji da zai tsaya. Matan da aka raba wa tare da ita saura huɗu a raye, aka ce shaidarsu ba ta tsayuwa tunda su ma suna cin wurin. Dattawan da suka ji kalmar yafewa duk sun kwanta dama. Magidantan yanzu, waɗanda da sun maimaita maganar shekara bayan shekara a bisa tudun, ba wanda ya taɓa jin ta daga bakin Baba Illa. Zali ta zo gidana da sandarta, ta zauna ta huta, ta ce, "Ƙawa, ina abin nan naki da ba shi mantuwa? Ranar tai ta zo."

Na ɗauki kwallar na shiga motar Madawa. Na bi rumfunan masu gyaran waya ɗaya bayan ɗaya, wasu suna dariya, wasu suna ɗaukar hotonsa. Daga ƙarshe aka nuna mini wani magidanci, Isufu, da ke gyaran kwamfutoci a bayan kasuwa. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Inna, wagga tun ina lakwal anka bar aiki da ita. Ko kile, ɗan tsinken ajiya da ya zo baya, mutane sun hwara bari, komi sai a aza shi bisa rezo, intanet ke nan. Amma ki ba ni sati biyu, in tambaya Ƙonni." Na tambaye shi wannan rezo da ake aza komai a kai, ina rumbunsa yake. Ya ce wasu manyan na'urori ne a wasu ƙasashe, shi ma bai taɓa ganinsu ba. Na san wannan magana, na taɓa yin irinta da bakina.

Bayan sati biyu na koma. Ya samo ɗan akwati mai bakin disket, da waya da ake soka wa kwamfutar yanzu. Ya tura shi ciki, sai na ji gurnanin nan. Shekaru nawa ban ji shi ba, amma jikina ya gane shi kafin kunnena, har na gyara zama kamar zan fara aiki. Sunaye suka fito a gilashi, ga sunan ƙauyenmu yadda na buga shi da yatsuna. Na ce masa shi ne, buɗe. Ya danna. Abin ya yi gurnani, ya tsaya, ya sake, ya tsaya. Ya gwada har la'asar, da wannan dabara da waccan. Abin da ya fito a ƙarshe rabin shafi ne na alamomi marasa ma'ana, sai kalma biyu uku na Faransanci a warwatse. Ya ja ƙarfen bakin ya duba a haske, ya ce ɗan shafen da ke riƙe rubutu a jikin farantin ya saki, zafi da shekaru kaɗai sun isa, ko da ba wanda ya taɓa shi. Ya ce ba laifina ba ne. Na gode masa, don yaron kirki ne, amma bai san inda laifina yake ba.

Ranar zama gaban mai gari na je duk da haka. Na sa tufafina masu kyau, na ce ni ce na buga takardar da hannuna, kuma akwai kalmar yafewa a ciki. Mai garin yanzu ɗan ƙanen wancan da na ba takardu ne, mutum mai haƙuri. Ya ce, "Inna, kina wurin ranar da tsohon yay yi magana?" Na ce a'a. Ya ce, "Kin riƙe sunayen shaidu?" Na ce ko ɗaya ban riƙe ba. Na buga sunaye dubbai a rayuwata, suna shiga ta ido suna fita ta yatsu, ban taɓa ajiye su a kaina ba tunda akwai mai ajiyewa. Ya ce, "To ko iyakar gonar, kina iya nuna muna?" Nan ne na sunkuyar da kai. Ban taɓa hawa tudun ba, ko sau ɗaya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ga Zali zaune kusa da ni tana kallon ƙasa.

Aka yanke cewa ta kwashe amfanin da ke ciki, daga nan gona ta koma gidan masu ita na asali. Sauran matan huɗu suna jiran nasu, kowa ya san yadda za ta kaya. A hanyar komawa na ce wa Zali ta yafe mini, na gaya mata abin da na faɗa wa Baba Illa a ƙofar gidansa, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce, "Ke ma gaya miki anka yi, ƙawa." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ina zaune ina kallon jikokina suna ajiye komai a waya, hoton aure, takardar fili, muryar mahaifinsu da ke can nesa. In na ce su riƙe wani abu a ka, sai su ce Kaka ai yana ciki. Ba na musu da su. Ba ni da bakin da zan yi musu, kuma na san daɗin da ke cikin faɗin wannan kalma. Garin da mutum ɗari suka san iyakar gonar bazawara ba zai dawo ba, ko an so, don masu koyarwar sun tafi, masu koyon kuma ba su san an yi ba.

Ruwan fari na bana ya sauka ranar wata Laraba. Da safe gari ya watse, kowa da sungumi da ƙwaryar iri, har tudun ana hango mutane a kai. Wajen azahar sai ga babbar jikar Zali da ƙwarya a rufe, ta ce kakarta ta ce a kawo mini. Fura ce, mai yawa, fiye da abin da gidansu ke iya bayarwa a wannan lokaci na shekara. Na tambaye ta ina suka sami gero haka. Ta ce damin iri ne da kakarta ta zaɓa zangarniya zangarniya a kakar bara ta rataye a ɗaka, yau da asuba ta sauko da shi ta ce a sussuke a daka, tunda ba inda za a zuba shi.

Ba a mayar da abin da aka aiko. Na karɓa na sa albarka, yarinyar ta tsaya jiran ƙwarya, ni kuma na zauna a gabanta na sha.